Ku Tambaya, Mu Amsa: Sanyin Ƙafa a Cikin Busasshiyar Rigar Nutso

Da hunturu ya kama, wasiƙun da masu nutso suka aiko wa wannan fili kusan duk kuka ɗaya suke yi: jiki lafiya lau, amma ƙafa ta ƙi. Don wanda bai saba ba, busasshiyar riga ita ce wadda 'yan teku a nan Saudiyya ke ce wa badala jaffa. Ruwa ba ya shiga cikinta. Tana da roba mai kama wuya da wuyan hannu, da bawul a ƙirji na shigar da iska, da wani a dantsen hagu na fitar da ita. Jiƙaƙƙiyar riga kuwa, wadda aka fi sani a Jidda, ruwa na shiga cikinta, jiki ya ɗumama shi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aikin nutso a Jubail, wankin gindin jirage da duba bututu. Daga Disamba zuwa Fabrairu muna sa busasshiyar riga. Da na yi minti 40 a ruwa sai yatsun ƙafata su mutu. Na ƙara safa har uku, amma abin sai gaba yake yi. Wace safa zan saya? Daga wani mai karatu a Jubail.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsaya tukuna da sayen safa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Mun fi zargin safa ta ukun nan da ka ƙara.

Safa ba ta da ɗumin kanta. Jininka ne ke kawo ɗumi ƙafa, aikin safa kawai ta riƙe iska a tsakanin zarenta don kada ɗumin ya tsere. Idan ka cusa uku a takalmin da aka ɗinka wa ɗaya, ka yi ɓarna biyu a lokaci guda: ka matse safar ta zama kamar takarda, ba iska a cikinta, sannan ka shaƙe hanyoyin jinin da ke bi ta bayan ƙafa zuwa yatsu. Ga ruwa kuma a waje, wanda ke janye zafi daga jiki fiye da iska da kusan ninki 25. A gefenku na Tekun Fasha, inda ba zurfi sosai, ruwan hunturu kan sauka ƙasa da digiri 20, wani lokaci ya kusanci 15. Wannan ya isa ya kashe yatsu cikin ƙasa da awa ɗaya.

Yi wannan gwaji a gida. Sa duk abin da ka saba sawa, ka shiga rigar, ka ɗaure takalmi, ka sa filafilan ƙafa, wato za'anif, ka zauna minti 10. Gwada motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ba sa motsi a sake, ko ka cire ka ga shatin igiya ko na bakin safa ya kwanta a fata, to an gano ɓarawon. Abin da ya ɗan matse ka a tudu, a ƙarƙashin ruwa shaƙe ka zai yi.

Safa biyu sun wadatar. Ta ciki siririya, ta zaren roba irin ta 'yan wasa ko ta ulun merino mara kauri, mai janye gumi daga fata. Ta waje mai kauri, ta ulu ko filis, wato tattausan yadi mai gashi-gashi, ko safar da aka yi musamman don busasshiyar riga, mai cikon Thinsulate, wani zare mai riƙe ɗumi. Ka tabbata ta wajen ta ɗara ta cikin girma. Auduga kada ta kusanci ƙafarka: tana shan gumi ta riƙe, ta kwanta a fata jagab, kuma ba ta bushewa har a fito. Ulu ko ya yi danshi yana ci gaba da aiki. Duba bakin safa ma. In robar bakinta na cizon sha-raɓa, nemi mai sakakken baki. Kada kuma ka bari safa ta naɗe a ƙarƙashin diddige lokacin da kake zura ƙafa, ƙunci ɗaya ya isa ya dame ka duk tsawon aikin.

Sai takalmi. In rigarka mai safar roba ce da ake ɗora mata takalmi daban, sayi wanda ya fi lambarka da ɗaya ko biyu, kuma ka je shagon da safarka da rigarka ka gwada su tare. Igiyar kada ka ja ta kamar ta takalmin ƙwallo. Sassauta ta wajen yatsu da bayan ƙafa, ka ɗan ƙarfafa ta wajen idon sawu kawai don kada takalmin ya zame. In kuwa takalmin a manne yake da rigar kuma ya yi maka kaɗan, ba dabarar da za ta cece ka sai a kai wa mai gyara ya yanke shi ya manna babba. Ana yi, kuma ya fi sayen sabuwar riga sauƙi nesa ba kusa ba.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne aljihun filafili, wato inda ƙafa ke shiga. Mutum ya sayi babban takalmi, sannan ya tura shi da ƙarfin tsiya cikin filafilin da yake sawa da jiƙaƙƙiyar riga a rani. An gudu ba a tsira ba ke nan. Filafilin busasshiyar riga yakan fi na rani girma da lamba ɗaya aƙalla, kuma maɗaurinsa na baya, ko na roba ne ko na sifirin, ya riƙe diddige ba tare da ya tura yatsu sun daki gaba ba.

Akwai kuma abin da ya shafi irin aikinka. Duk mita 10 da ka sauka, matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar tudu ɗaya, don haka a mita 10 iskar cikin rigarka ta koma rabi, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ita kuma iska kullum sama take nema. Mai wanke gindin jirgi yakan yi aiki a tsaye, kai sama ƙafa ƙasa, sai iskar duka ta taru a kafaɗa, ruwa ya lanƙwame ƙafafu ya matse safar. Duk bayan 'yan mintuna ka kwanta a miƙe cikin ruwa, ka ɗan ɗaga ƙafa iska ta gangara can, ka motsa yatsu, sannan ka koma aiki. Karanta amsar da muka ba mai tambaya daga Yanbu a ƙasa kafin ka fara wannan.

Na ƙarshe, kada ka yarda da cewa jikinka lafiya don ba ka jin sanyi a ƙirji. Da jiki ya fara rasa zafi, abin da yake fara yi shi ne tsuke hanyoyin jinin hannu da ƙafa don ya kare zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa su tsaya a digiri 37. Sau da yawa maganin sanyin ƙafa falmaran ce mai ɗumi a ƙarƙashin riga, da hular roba mai kaurin milimita 5. Ka tuna duk kayan da ka ƙara a ciki sai ka ƙara dalmar da ake ɗaurawa don a iya nutsewa, kilo ɗaya ko biyu, ka sake gwada nauyinka a bakin ruwa. In kana shan sigari ko shisha, ka sani nikotin ma tsuke hanyoyin jini yake yi.

TAMBAYA: Duk lokacin da na fito sai in tarar safata ta jiƙe. Mai shago ya ce gumi ne, ni kuma ina ganin rigar ce ke yoyo. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Jidda.

AMSA: Kowannenku na iya yin gaskiya, amma raba gardamar ba wuya. Gumi yakan jiƙa ƙafa biyu daidai, danshi-danshi, har da baya da hammata. Yoyo yakan fi a ƙafa ɗaya, kuma sai ka ga ruwa ya taru har ana iya zubar da shi daga takalmi. Sai dai ruwan da ka gani a ƙafa ba lalle ta ƙafa ya shiga ba. Yana iya shiga ta wuya ko ta zif, ya gangara ya tsaya a ƙasa. Sa kayan ciki masu launin toka a nutso na gaba, in ka fito ka bi sawun jiƙon ka ga daga inda ya faro.

In yoyo ne, ga yadda ake kama shi. Rufe zif ɗin har ƙarshe. Toshe wuyan riga da ƙwallo ko roba mai faɗin da ya dace, wuyan hannu da goran ruwa, ka ɗaure su da zaren roba. Rufe bawul ɗin dantse, haɗa bututun iska, ka hura har rigar ta tashi, amma kada ta yi tauri kamar taya. Fesa ruwan sabulu a hankali, ka fara da diddige, da yatsu, da wurin da takalmi ya haɗu da ƙafar wando, da ɗinkin tsakanin cinyoyi. Inda kumfa ke tsirowa ka yi alama da alli. Wanke da ruwan daɗi, bar ta ta bushe sarai, juya ta, goge wurin daga ciki, ka shafa gam na yuretan irin Aquaseal, ka bar shi ya kwana. Kada ka yi gaggawar shiga ruwa da gam ɗanye.

Safar roba ta letas takan huje ne saboda abu biyu: tafiya da ita ba takalmi a kan jirgi ko kan tsakuwa, da ƙwayar yashi da ta maƙale a cikin takalmi tana gurzar ta. Dogon farce ma na yi. Zafin Jidda kuma maƙiyin letas ne. Rigar da ta wuni a but ɗin mota a watan Agusta, robarta sai ta fara danƙo ko ta tsattsage. Adana ta a ɗaki mai sanyi, ba hasken rana, ka barbaɗa wa robar hoda mara turare.

In kuwa gumi ne, laifin lokacin sa kaya ne. Kada ka rufe kanka a riga tun daga bakin ruwan Ubhur, a arewacin Jidda, kana jiran jirgi ya isa wurin nutso. Haɗa tukunyar iska da sauran kaya tukuna, ka zauna a inuwa, rigar ce ta ƙarshe. Ajiye safar nutso a leda daban, kada ka sa wadda ka wuni da ita. In ka yi alwala a kan jirgi, goge ƙafa da tawul har tsakanin yatsu kafin ka sa safa. Ka zo da busasshiyar safa ta biyu don nutso na biyu.

TAMBAYA: An ce in tura iska ƙafa don ɗumi. Na yi, sai ƙafafuna suka tashi sama, kaina ya koma ƙasa, filafili ɗaya ya kusa fita. Da ƙyar abokin nutsona ya riƙe ni. Me na yi ba daidai ba? Daga wani mai karatu a Yanbu.

AMSA: Allah ya kiyaye gaba, Malam, ka gode wa abokin nan. Wannan shi ne haɗarin da aka fi tsoro a busasshiyar riga. Bawul ɗin fitar da iska a dantse yake. Da ƙafa ta fi kafaɗa tsawo, iskar ba ta da hanyar fita. Tana ɗaga ka tana kumbura, tana kumbura tana ƙara ɗaga ka, kuma kumburin ya fi sauri a mita 10 na ƙarshe kusa da saman ruwa.

Iskar ce ta yi yawa a rigar tun farko, kuma yawanci dalma ce ke jawo hakan. Wanda ya ɗaura dalma fiye da kima dole ya cika riga da iska don kada ya nutse, sai ya zama yana yawo da babban kumfa da ke gudu daga kafaɗa zuwa ƙafa. Rage dalma. Sa wa riga iska daidai abin da zai cire matsi kayan ciki su sake, ragowar daidaiton ka yi shi da jakar iska ta baya, wadda ake goyawa don daidaita tashi da nutsewa. Iskar da ƙafa ke buƙata kaɗan ce, daidai ka ji safa ta saki.

In abin ya sake faruwa, kada ka tsaya jira. Buga ƙafa da ƙarfi kana nufar ƙasa, naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ka wuntsula gaba har ka dawo kai sama, ɗaga kafaɗar hagu iska ta fita. In bawul ɗin ƙirji ne ya maƙale yana ta hura iska, cire bututunsa nan take. In duk da haka kana tafiya sama, ja robar wuya ko ta hannu iska ta fice. Ruwa zai shiga, za ka ji sanyi, amma za ka tsaya. Kada ka riƙe numfashi ko kaɗan. Wannan ba a koyon sa daga mujalla. Je wurin malami mai koyar da busasshiyar riga, ka maimaita shi a ruwa mai zurfin mita 3 zuwa 4 har ya zama jiki.

In ƙafar wandon ta yi maka faɗi, akwai maɗaurin ƙauri da ake naɗawa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, yana rage wurin da iska za ta taru. Filafili mai nauyi na baƙar roba ma na taimakawa. Dalmar idon sawu, rabin kilo kowace ƙafa, ana amfani da ita, amma mu muna ɗaukar ta a matsayin sandar mai koyo: tana gajiyar da ƙafa, kuma in an ɗaure ta da ƙarfi ta dawo da matsalar jinin da ake gudu.

TAMBAYA: Zan je ƙasar Aislan, ina son in yi nutso a Silfra. Da jiƙaƙƙiyar riga kawai na saba. Kayan haya za su ishe ni? Daga wata mai karatu a Riyad.

AMSA: Hajiya, ruwan Silfra, wata tsagar dutse mai cike da ruwa, na tsakanin digiri 2 zuwa 4 duk shekara, kuma sai da shaidar kin iya busasshiyar riga ake barin ki nutso da tukunya a can. Ki yi kwas ɗin kafin ki tashi. Rigar da kayan ciki na haya za su yi, amma safa ki tafi da taki: siririya ɗaya, ta ulu mai kauri ɗaya, da wasu na canji. Matsalar mata da kayan haya ita ce takalmi yakan yi girma da yawa. Ɗan fili alheri ne, amma in ƙafa na iyo a ciki iska za ta taru, filafili ya zame. Ki aika musu da lambar takalminki da tsawonki tun da wuri, ki gwada kafin ku bar mota. Ki ci abinci mai ɗumi, kada ki tsaya a kan dutse mai sanyi da safa kawai kina jiran layi, don wanda ya shiga ruwa da ƙafa mai sanyi ba ya ɗumama ta a ciki.

TAMBAYA: Akwai 'yan ƙunshin nan da ake girgizawa su yi zafi, na sa wa a aljihu lokacin sanyi. Zan iya sa su a safa? Safar lantarki fa? Daga wani mai karatu a Dammam.

AMSA: Ƙunshin nan kada ka kuskura. Garin ƙarfe ne a ciki, yana zafi ne idan ya haɗu da oksijin. A ƙarƙashin ruwa iskar cikin riga a matse take, oksijin ɗin da ke isa gare shi a mita 20 ya ninka na tudu sau uku, in naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, kake hura wa riga ma ya fi haka. Sai ya yi zafin da ya wuce ƙima, ga shi a manne da fata, ba ka da hanyar cire shi sai ka fito. Garin neman gira a rasa ido.

Na lantarki ana amfani da su, amma waɗanda aka ƙera don nutso, masu batir a waje cikin gwangwaninsa, waya ta shiga ta bawul na musamman, yadda in wani abu ya lalace za ka iya kashewa ko ka cire haɗin. Safar lantarki ta masu hawan dutse, mai batirin litiyam a ƙauri, ba ta shiga busasshiyar riga. Ruwan gishiri da batir a wurin da hannunka ba ya kaiwa ba abin wasa ba ne.

Lokacin kunnawa ma da magana. Jiki mai ɗumi ya fi saurin shan naitirojin da ke cikin iskar da ake shaƙa, mai sanyi kuma ya fi jinkirin fitar da shi. Gwajin da sashen binciken nutso na sojan ruwan Amurka ya yi ya nuna cewa ɗumi a ƙasa sannan sanyi a lokacin tasowa shi ne haɗin da ya fi jawo ciwon kumfar jini, wato naitirojin ya yi kumfa a jiki bayan tasowa. Wanda ya kunna wuta tun daga farko, batir ya ƙare masa a tsakiya, ya faɗa wannan tarkon daidai. Bar shi a kashe ko a mafi ƙarancin zafi a ƙasa, ka ƙara a hankali lokacin tasowa da tsayuwar da ake yi a zurfin mita 5 kafin a fito. Kuma kayan cikinka su zama masu isar ka ko da wutar ta mutu.

TAMBAYA: Abokaina na yi min dariya don na sa busasshiyar riga a Hakal. Wai Bahar Maliya ba ta buƙata. Daga wani mai karatu a Tabuk.

AMSA: Ƙyale su. A Jidda, inda ruwan hunturu ke wajen digiri 25, nutson minti 45 bai buƙatar ta. Amma ruwan mashigin Akaba, inda Hakal take, kan sauka zuwa 21 ko 22 a ƙarshen hunturu, ga iskar arewa a kan jirgi, kuma mai yin nutso uku a rana ko mai doguwar tsayuwa kafin fitowa yana rasa zafi sannu a hankali. A irin wannan ruwa safar ulu ɗaya matsakaiciya da kayan ciki marasa kauri sun isa. In ka kai matakin shaƙar gas mai hiliyam, kada ka hura shi a riga, yana ɗauke zafi kusan ninki 6 na iska. A ɗauki 'yar tukunya daban ta iska ko argon.

TAMBAYA: In na fito ƙafa a sanƙare, ina zuba mata ruwan zafi daga filas. Wani lokaci babban yatsa kan kwana bai dawo daidai ba. Akwai damuwa? Daga wani mai karatu a Ras Tanura.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa. Ƙafar da ta mutu ba ta jin zafi, kana iya ƙona ta ba ka sani ba. Bayan haka, zafi mai ƙarfi nan da nan bayan nutso na iya sa naitirojin da ke cikin fata ya tashi ya yi kumfa. Ruwan filas ka sha shi shayi. Cire safa, goge ƙafa ba tare da murza ta da ƙarfi ba, sa busasshiyar safa, rufe jiki da kai, ka kauce wa iska, ka ɗan taka a hankali. Wanka da ruwan zafi a jinkirta shi.

Yatsan da ke kwana a mace alama ce ta cewa sanyi ko matsi ya fara taɓa jijiya, kuma in ana maimaitawa yana iya zama na dindindin. Rage tsawon nutso, gyara takalmi kamar yadda muka faɗa wa mai tambaya daga Jubail, ka ga likita ya duba, musamman in kana da ciwon sukari, don shi ma yana rage ji da gudun jini a ƙafa.

Amma ka bambanta wannan da wani abu mafi girma. Mutuwar ƙafa ta sanyi tana tsayawa a yatsu, kuma tana raguwa in jiki ya ɗumama. In abin yana hawa sama zuwa ƙauri ko cinya, ko ƙafa ta yi rauni, ko tafiya ta karkace, ko fitsari ya ƙi fita, ko ga ciwo a gaɓa ko baya, a ɗauke shi a matsayin ciwon kumfar jini har sai likita ya ce ba shi ba ne. A kwantar da mutum, a sa masa oksijin zalla, a kira agajin gaggawa a gaya musu nutso ya yi, a tafi da kwamfutar nutsonsa asibiti tare da shi. Kada a mayar da shi ruwa da sunan magani.